Ladan Haliru da Muryar Cikin Waya

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a kasuwar Malanville cikin shekaru ashirin da shidan nan ya san muryar Haliru, ko da bai san fuskarsa ba. Fuskar ma ba wata abar sani ba ce. Ɗan siririn mutum ne, gajere, mai gemun da ya ƙi cika, wanda in ka gan shi a bakin rumfa da basilla a hannu yana ɗinke bakin buhunan albasa ba za ka sake waiwayarsa ba. Amma in rana ta goce ya ajiye basilla, ya yi alwala, ya shiga ɗan ɗakin da ke jikin masallacin 'yan albasa, to daga nan har kan gada sai an san Allah Ya yi wa wani bawa baiwa. Direbobin manyan motoci da ke layi suna jiran duwan, wato 'yan kwastan, sukan rantse har Gaya, can ƙetaren kogi, ana jin kiransa. Ƙarya suke yi, amma Haliru bai taɓa tsayawa ƙaryata su ba.

Ubansa mutumin Kamba ne, ya zo fataucin goro, ya auri 'yar Garou, ya zauna. Haliru bai gaji fataucin ba, kansa bai ja ba, karatun allo ma a izu goma sha biyu ya tsaya. Ɗinkin buhu ya iya, kuma da shi ya auri Larai, ya ciyar da 'ya'ya biyar har suka kama gabansu. Ladanci kuwa tsautsayin wani ne ya kawo masa shi. Tsohon ladanin masallacin ya tafi suna Madécali, babur ya lalace masa a hanya, azahar ta yi aka rasa mai kira, sai wani ya ce, "Kai mai basilla, tashi ka kira muna." Ya tashi ya kira. Da ya fito sai ya tarar 'yan dako sun tsaya cak da buhuna a ka suna kallon rufin masallaci. Kafin sati ya zagayo tsohon da kansa ya danƙa masa makullin ɗakin.

Babu albashi a ciki, kuma bai taɓa nema ba. Shi lissafinsa daban ne. Haliru mutum ne da ya san ba shi da ilimi, ba shi da dukiyar da zai gina rijiya ko ya je Makka, kuma yana da saurin fushi. Wata rana ya ji malamai suna cewa duk abin da muryar ladan ta kai gare shi, dutse ne, itace ne, mutum ne ko aljan, zai tsaya ya yi masa shaida ranar hisabi. Tun daga ranar ya riƙe wannan magana da hannu biyu. In yana kira yakan rufe ido ya riƙa ganin shaidunsa: gada, kogi, kwale-kwalen masunta, rumfuna, buhunan da ya ɗinke da hannunsa. Da su yake sa ran zai tsallake.

Bara, da damina ta ɗauke, mura ta kama shi. Murar ta tafi, ta bar masa dishewar murya. Larai ta haɗa zuma da citta da kanumfari, ta narka man shanu, ta samo rubutu, ya sha har ya gaji. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya shiga mota ya tafi Kandi a ɓoye. Likita ya leƙa maƙogwaronsa da 'yar fitila ya ce wani ɗan tsiro ne, dole ya hutar da murya wata da watanni, in bai baje ba sai an yi aiki a Parakou, kuma ko an yi ba lalle ba ne muryar ta dawo yadda take. Haliru ya dawo gida. Larai kaɗai ya gaya wa, ya kuma ci gaba da kira, yana matso muryar da ƙarfin tsiya.

Ɗakin ladan kamar akurki yake. Benci ɗaya ne a ciki, da makirfo, da ampili, wato na'urar da ke tura sauti zuwa lasifikan da ke kan rufi. Saboda an taɓa sace ampilin, ɗakin kullum a kulle yake, kuma in Haliru ya shiga yakan turo ƙofa don hayaniyar kasuwa. Wata la'asar ya shiga, ya kunna na'ura, ya toshe kunnuwansa da yatsu, ya buɗe baki. Iska ce kawai ta fito. Ya sake, ya sake, gumi ya karyo masa. A waje yana jin motsin butoci, mutane suna alwala suna jiran sa.

A nan ne ya tuna da wayarsa. Shekaru shida da suka wuce, da za a kai 'yarsa Munira gidan miji a Yamai, ta ɗauki kiran sallarsa, na rana da na asuba, don ta riƙa jin muryar babanta, daga baya kuma ta turo masa. Ya lalubo na ranar, ya kanga wayar a bakin makirfo, ya danna. Muryar Haliru ta shekara shida baya ta tashi a kan kasuwar Malanville, garau, mai tsawon numfashi, shi kuwa mai ita yana tsaye a ƙasanta baki buɗe. Ya ce wa kansa yau kaɗai ne. Da magariba ma ya ce yau kaɗai ne.

Ya san abin da ya yi. Ba sau ɗaya ba ya ji Liman Idrisu yana cewa kiran salla ibada ce, sai da mutum mai rai da niyya, na'ura ba ta da niyya. Amma in ya faɗi gaskiya za a karɓi makulli, a ba wani, shi kuma ya koma mai basilla kawai, shaidunsa su koma yi wa wani shaida. Abin da ya sauƙaƙa masa ɓoyon shi ne a masallacin nan ba ladan ke tada iƙama ba. Tun da daɗewa an bar wa Ɗan'iya, wani dattijo ɗan kasuwa mutumin Argungu mai son a ga yana hidima. Don haka Haliru yakan fito daga ɗaki ya shiga sahu shiru, ba mai tambayarsa komai.

"Malam, ka ji tsoron Allah," in ji Larai, ranar da ya gaya mata. "Abin ga da kaka yi, in anka gane hwa?"

"Kwana biyu ne, har wuyan shi warke," ya ce da ita, da muryar da sai ta matso kafin ta ji.

Ya yi zaton mutane za su yi zargi, tunda kowa na jin yadda yake magana a rumfa kamar ana goga ƙwarya a ƙasa. Ashe bai san mutanensa ba. 'Yan albasa suka duba lamarin, suka auna, suka yanke cewa karama ce. Ga mutum ba ya iya amsa gaisuwa, amma da ya shiga ɗaki don kiran sunan Allah sai muryar ta dawo masa ta samartaka. Me ya rage kuma? Allah Ya karɓe muryar ne daga zancen duniya Ya keɓe ta don Kansa. Maganar ta bi motocin albasa ta shiga Garou, ta kai Guéné. Waɗanda da suke wurgo masa buhu suna cewa ya yi sauri, yanzu sai su rusuna su ce, "Ladan, a sa mu a addu'a."

Tun daga lokacin tsoro ya tare a cikinsa. Abinci ya daina shiga. In wani ya dube shi ya daɗe sai gabansa ya faɗi, in an yi dariya a rumfar da ke kusa sai ya ɗauka da shi ake. Sau biyar a rana yana shiga ɗakin nan kamar mai shiga kabari, yana duba cajin waya, yana addu'ar kada yatsansa ya kuskure ya danna kiran asuba da rana tsaka. Wani lokacin ma sai ya tsaya ya tambayi kansa da wane baki yake wannan addu'ar.

Ranar da ta fi tsaya masa a rai ita ce ranar da wata tsohuwa, Diza, Bafillatana mai tallan nono daga wajen Guéné, ta zo rumfarsa da yaro a goye. Ta sauke shi ta durƙusa.

"Ladan, jikana ne. Kwana huɗu jikinai zahi. An ce bakinka na da albarka, ka tohwa mishi."

Haliru ya dubi yaron, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun bushe. Ya so ya ce mata shi ba kowa ba ne, amma mutane sun riga sun kewaye su suna cewa amin tun bai fara ba. Ya karanta abin da ya sani, ya tofa da bakin da babu yawu a ciki, sannan ya kama hannunta ya raɗa mata ta wuce asibiti yanzu yanzu. Ta ce to, amma ya ga a fuskarta hankalinta ya riga ya kwanta. Bai san ko ta je ba. Ƙwaryar nonon da ta bar masa ya kasa kai ta baki, Larai ta ba maƙwabta.

A rana ta arba'in da uku, ranar kasuwa ce, gari cike, ya sa kiran azahar. Muryar ta kai tsakiyar kiran ke nan sai wani ya bugo masa waya. Kiran ya yanke a tsakiyar kalma, ƙarar waya ta fita ta lasifika huɗu ta karaɗe kasuwa. Haliru ya kashe, ya lalubo, ya sake sawa daga farko. Da ya fito mutane na ta dariya, wai yau waliyyi ya manta waya a aljihu. Liman Idrisu bai yi dariya ba. Ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe, sannan ya juya ya ce a daidaita sahu.

Ana sallamewa Haliru ya sulale ya nufi shagon Ismaël, bayan tashar motocin Kandi. Ismaël Badande ne, ɗan ƙabilar yankin, sa'ansa, mai gyaran talabijin da rediyo da lasifika, kuma shi ke gyara ampilin masallaci in ya lalace. A samartaka ya yi kiɗan jita a Kutonu, har yanzu kuma in ba aiki yakan kunna tashoshin Faransanci ya zauna yana kallon makaɗan Turawa. Haliru ya daɗe yana yi masa wa'azi a kan haka, shi kuma yana ce masa ai sana'arsu ɗaya, kowa da makirfo yake ci.

"Ladan, lahiya da rana tsaka? Zamna."

Haliru ya miƙa masa wayar. "So nika yi ka gwada min yadda aka hana kira shigowa."

"Abu mai sauƙi. Bari wanga tsoho shi gama magana, na daɗe ina jiran shirin ga."

Haliru ya zauna a kan wata matacciyar lasifika, ba don yana so ba, ya ɗaga kai. Shiri ne na tarihin wata ƙungiyar makaɗa ta Turawa, mutum huɗu masu jita da ganguna, waɗanda Ismaël ya ce babu ƙasar da ba a san su ba. Ana nuna su suna samari, gashi har kafaɗa, suna tsalle a kan dandamali, sannan a nuna su yanzu sun tsufa suna zaune suna ba da labari. Sai aka hasko taron da ke kallon su. Haliru bai taɓa ganin mutane haka ba. Fili ne da ido bai kai ƙarshensa, kai da kai, kowa ya ɗaga hannu sama, ana ta gumi ana ihu, hayaƙi na tashi, haske na sauka a kansu yana ɗaukewa. Shi abin da ya gani filin tashin ƙiyama ne, kuma ga mutum ɗaya an tsayar a gaban kowa.

Aka dawo kan mawaƙin, tsoho mai 'yan kunne, da zane a wuya da hannuwa, irin mutumin da Haliru zai tsallaka titi in ya hango. Yana magana a hankali yana murza yatsunsa.

"Mi yac ce?" Haliru ya tambaya.

"Ya ce wata shekara suna tsakiyar yawon wasa, gari arba'in, muryatai tam mutu. Mutane sun riga sun sayi wuri. Sai mai kula da na'ura yac ce mishi, kai dai hau ka buɗe baki, ni za ni sa tsohuwar muryarka."

Haliru ya riƙe gefen lasifikar da yake zaune a kai.

"Ya yarda?"

"Ya yarda. Ya ce kullum shina tsaye gaban mutum dubu sittin, suna kuka suna kiran sunanai, shi ko baki kawai yaka buɗewa. Har jaridu sunka rubuta wai bai taɓa waƙa mai daɗin ta shekarar nan ba."

"An kama shi?"

Ismaël ya ɗaga hannu ya saurara, sannan ya juyo. "A'a. Ya ce da hwarko tsoron a kama shi yaka yi. Daga baya wani tsoro yaz zo wanda yaf fi wancan, tsoron kada a taɓa kama shi. Ya ce in ba a kama shi ba, ke nan ko ya hwaɗi ya mutu bayan dandamali wasa na iya ci gaba, ana tahi ana kiran sunanai, ba wanda za ya san babu kowa wurin."

Haliru ya tuna gada da kogi da kwale-kwale, ya tambayi kansa wa suka yi kwana arba'in da uku suna ji. In an tashe su ranar hisabi aka ce su yi shaida, ai gaskiya za su faɗa. Za su ce sun ji wani mutum na shekara shida baya, wannan da ke tsaye kuwa ba su ji komai daga gare shi ba.

A talabijin aka nuna wani tsohon hoto mai rawa. Mawaƙin ya juya ya yi wa mai na'ura alama da hannu a kashe tsohuwar muryar, kiɗa ya ragu, ya matso makirfo ya fara waƙa da wata murya mai kama da ta Haliru ta yanzu. A cikin taron aka fara fito, aka fara jifa da robobin ruwa, wasu suka juya suna fita. Shi kuwa yana tsaye yana ci gaba. Aka dawo kan tsohon, yana dariya, ido jawur.

"Ya ce ranan nan rabin mutane sunka watse, kuma ba su sake cika fili kamar da ba," in ji Ismaël. "Amma ya ce ranan ne yay yi barci."

Aka shiga talla. Ismaël ya rage sauti, ya ɗauki wayar Haliru yana juya ta a hannu, bai dube shi ba.

"Ladan, ni mai gyaran lasifika ne, kunne shi ne jarina. Cikin kiranka na rana akwai wani zakara da ka cara bayan shahada ta biyu. Azahar shi cara, la'asar shi cara, magariba shi cara. Zakaran ga bai makara ba ko rana guda."

Haliru ya ji shagon yana juyawa da shi.

"Kwantar da hankalinka, ban hwaɗa ma kowa ba, kuma ba ni hwaɗi. Na san ciwo ne." Ismaël ya jawo kwamfutarsa. "In kana so in cire ma zakaran ga, aikin minti biyat ne. In yi ma kala uku ko huɗu, wani da tsawo wani gajere, har da ɗan tari. In haɗa ma shi cikin ampili, ba ruwanka da waya. Daga nan ba mai ganewa har abada."

Don tausayi ya faɗa, Haliru ya ga haka a fuskarsa. Kuma abin da ya zo nema ke nan, har da ƙari. Ya dubi wayar a hannun Ismaël, ya dubi igiyar da zai soka mata. Kalmar nan ta har abada ita ta tsaya masa a rai. Ya ga kansa shekara goma nan gaba ana kawo masa yara marasa lafiya daga ƙauyuka. Ya ga ranar da za a ɗauki gawarsa, malamai suna ba da labarin karamarsa a bakin kabari, shi kuma yana ciki ana tambayarsa. Tsoron da ya kama shi a lokacin ya shafe duk wanda ya sha a kwana arba'in da uku. Ya miƙa hannu ya karɓe wayar.

"Ba ka so?" in ji Ismaël.

Haliru ya girgiza kai. Ya nuna talabijin da haɓa, ya raɗa, "Shekara nawa ina yi ma wa'azi kan mutanen ga. Yau ga shi an aiko min guda shi yi min wa'azi."

Daga shagon zuwa masallaci ba nisa, amma sau uku yana tsayawa. Ya bi ta cikin rumfunan albasa ana ta gaishe shi, wani har ya kama hannunsa ya shafa a fuska. Ya yi alwala. Ya buɗe ɗaki, ya bar ƙofar a buɗe, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye wayar a kan benci, ya kunna ampili, ya toshe kunnuwa.

Abin da ya fita ta lasifika huɗu a la'asar ɗin nan ba shi da daɗin ji. Kabbarar farko ta fito kamar ana yaga tsohon buhu. Masu alwala suka ɗaga kai. Ya yi ta biyu, wuyansa kamar an zuba barkono. Ya kai shahada, ya faɗe ta, kowane harafi da zafinsa, yana jin ɗanɗanon jini a baki. Mutane suka taru a ƙofar ɗakin suna leƙe, yana ganin su ta wutsiyar ido. Da ya zo inda ake cewa a taho ga salla, muryar ta ƙare ƙaf. Ya tsaya yana buɗe baki, lasifika na fitar da numfashinsa kawai. Sai Ɗan'iya ya ratso mutane, ya janye shi gefe a hankali, ya ƙarasa kiran.

Bayan an sallame, kafin kowa ya tashi, Haliru ya rarrafa gaban liman ya durƙusa. Ya yi magana, Liman Idrisu ya kanga kunne yana ji, yana maimaita wa jama'a da ƙarfi jimla bayan jimla, don ba mai iya jin mai maganar. Haka asirin ya fito ta bakin liman: ciwon, da likitan Kandi, da wayar, da kwana arba'in da uku. Masallaci ya ruɗe.

"Ke nan waya munka yi ta biya?" wani ya ce daga baya.

"Ni har ɗiyata na kawo mishi!"

"Sallolinmu hwa, Malam? Mu rama?"

Liman ya ɗaga hannu har aka yi shiru. "Sallarku ta yi, ba mai rama komi. Kira ne ba a yi ba, kuma wanga nauyi na kan wanda yaɓ ɓoye, shi da Ubangijinai. Karama ko, ku kunka ƙirƙiro ta, shi bai ce muku shi waliyyi ne ba." Ya juyo ga Haliru, muryarsa ta sauka. "Na yi zargi tun azahar. Da na tambaye ka gobe, gara da kaz zo yau. Kawo makulli."

Makullin yana ɗaure da wani tsohon zaren buhu a wuyansa. Ya ciro shi ta kai, zaren ya maƙale a kunne, sai da liman ya taimaka masa. Aka miƙa wa Ɗan'iya. Mutane suka fita, wasu suna tsaki, wasu ba su dube shi ba, mutum biyu ko uku suka dafa kafaɗarsa suka wuce. Ya koma rumfa ya ɗauki basilla. Har rana ta yi sanyi ba wanda ya kawo masa buhu, sai can wani ɗan dako ya wurgo guda ya ce a yi sauri mota na jira.

Larai ta ji labari kafin ya isa gida, don haka ita ta biyo shi kasuwa da ruwan zafi da zuma a kwano. Ta tsuguna a gefensa ta miƙa masa. Yana sha yana runtse ido.

"Gobe sai Parakou," ta ce. "Ka ji?"

Ya gyaɗa kai. Wuƙar likita ma yana tsoronta, kuma bai ɓoye mata ba.

Suna nan zaune magariba ta yi. Lasifika ta yi ƙara, aka busa makirfo sau biyu, sannan muryar Ɗan'iya ta fito, siririya, tana rawa, numfashinta gajere. Ba za ta kai gada ba, ko tashar Kandi da wuya. Haliru ya ajiye kwanon. Shekara ashirin da shida, bai taɓa zama a wajen masallacin nan ya ji an kira shi salla ba. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Larai ta ga leɓɓansa suna motsi, ta matso don ta ji ko wani abu yake so, sai ta tarar amsa kiran yake yi, kalma bayan kalma, babu sauti.